Shirun ɗalibai a ajin intanet ba lalaci ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da dukan ma'aikatan gidan rediyonku. Na saurari tattaunawar da kuka yi kan karatun jami'a ta intanet, inda wani baƙonku ya ce ɗalibanmu ba su da himma: a buɗe aji, su shigo, su rufe kyamara su yi tsit, malam ya yi ta magana shi kaɗai har lokaci ya cika. Shirun kam akwai shi. Dalilin da ya bayar ne ban yarda da shi ba.

Matsalar rezo (sabis ɗin waya) da tsadar forfe (kuɗin data) da ɗaukewar wuta kowa ya san su, balle bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar, lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar da ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha. Amma ko ranar da komi ya daidaita, shirun yana nan. Tsoro ne ke kawo shi.

Ƙanwata tana karatun lisans daga nan gida Tawa, a wata makaranta ta ƙasar waje. Nakan ga abin da take yi in malam ya ce wa ke da tambaya. Sai ta rubuta tambayarta da Faransanci, ta goge, ta sake rubutawa, ta tsaya tana wasiwasi kan harafi guda a ƙarshen kalma. Kafin ta gama, wani ɗan ajinsu daga Dakar ko Abijan ya zuba zance kamar a bakinsa aka halicci harshen, malam ya wuce gaba. Ta ajiye talho ta ce, "Yaya, ni fa ban kai su ba." Amma da dare in ka ji ta a gurup ɗinsu na WhatsApp, ita ce ke warware wa ƙawayenta darasin da saƙon murya, Hausa da Faransanci a cakuɗe, ba ko inda-inda. To wannan ce marar himma?

A anfi, wato babban zauren lacca, in ɗalibi ya yi kuskure, a yi dariya a manta. A intanet kuskure rubutacce ne, da sunanka a samansa, kuma kowa na iya ɗaukar hotonsa ya yaɗa. Ga shi tun daga lakwal ta farko har bak (jarrabawar gama sakandare) an saba mana da malam ya faɗa mu kwafa. A gida ma tarbiyyarmu ta ce yaro ba ya katse babba, ƴa mace kuwa kunyarta ta ninka. Yaron da aka raina haka, a ce rana ɗaya ya buɗe makirufo ya yi gardama da dokta gaban mutanen da bai taɓa gani ba, ai an ɗora masa kayan da bai saba ɗauka ba.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi bayani tun 1977 cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani aiki shi ne ya taɓa gwada irinsa ya ci nasara. Bayansa sai ganin tsaransa sun iya, sai kuma kalmar ƙarfafa gwiwa. Ke nan malamin da ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, ya ba da ɗan aikin da za a iya gamawa cikin mako, ya amsa wa ɗalibi da sunansa yana nuna masa inda ya yi daidai kafin inda ya kauce, shi ne zai ji muryoyi. A karɓi tambaya da saƙon murya. A ajiye darasi a sauti marar nauyi, wanda ya rasa rezo da rana ya saurara da dare. Kuma tun da kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka zartar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ban ga laifi ba in malamanmu na gida sun bar ɗalibi ya fara bayyana fahimtarsa da Hausa ko Zabarmanci kafin ya rubuta da Faransanci.

Da can jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai ta gwamnati. A 2010 aka buɗe ta Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kuma duk da haka masu cin bak sai ƙaruwa suke. Karatu daga nesa dole zai yawaita, ko mun so ko mun ƙi.

Roƙona, in za ku sake shirin, ku gayyato ɗaliban da kansu, musamman mata da waɗanda ke karatu daga garuruwan nesa. Ku ba da lambar da za su aiko da saƙon murya ba sai sun faɗi sunansu ba.

Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai sauraronku,
daga Tawa