Kamfanonin waya su tuna da zafin Garwa kafin su manne batir

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa tare da fatan alheri, don Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu.

Ni gyaran waya nake yi a nan Garwa, ɗan teburina na bakin kasuwa, kuma duk shekara in bazara ta kama, wato Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, aikin da ya fi zuwar min guda ɗaya ne, batir ya kumbura ya turo murfin baya kamar burodi, wani ma har gilashin gaba yake ɗagawa. Satin da ya wuce wani ɗan moto ya kawo min tashi, jaka sittin na sefa ya saye ta bata fi shekara ɗaya da rabi ba, kuma da ita yake cin abinci don ta nan fasinjojinsa ke kiransa ta nan ake turo mishi kuɗi. Sai da na yi ta hura wa bayanta iska mai zafi kafin gam ɗin ya saki, na sa siririn kati ina bi a hankali gabana na faɗuwa, don batirin nan in ka huda shi wuta yake kamawa. Na ciro lafiya, toh na asali kuma a ina? Na kira Marwa babu, na kira wani ɗan uwa a kasuwar waya ta Farm Centre can Kano yace sai dai kwafi. Kwafin muka saka, na gaya mishi gaskiya ba lallai ya kai shi wata shida ba, ya yi shiru can yace Malam saka kawai ya zan yi. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Waɗanda suka riƙe Nokia 3310 da ta fito a 2000 ko 1100 mai tocila sun san me nake nufi, da farce kake ɓalle murfi ka canja batir a tsaye. Nokia ta sayar wa Microsoft ɓangaren wayarta a 2014, zamani ya juya, yanzu kusan kowa ya koma mannewa, daga Samsung na Koriya ta Kudu har Apple na Amurka har na China.

Ban ce kamfanonin nan basa jin magana ba fa, suna ji in sun ga dama. Dubi Transsion na birnin Shenzhen, masu Tecno da Itel da Infinix, da yawa ma basu san uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Me ya sa suka mamaye Afirka? Sun lura mutum na riƙe layin MTN da na Orange lokaci guda suka yi mishi waya mai layi biyu, sun lura wuta bata zama suka ƙara girman batir, suka gyara kyamara yadda fuskar baƙar fata zata fito fes. Wannan a yaba musu. Toh wanda ya iya gano duk wannan ai ba zai kasa gano cewa rana tana dafa batir a Garwa da Kusiri da Njamena ba.

A Turai ba roƙo suka tsaya yi ba, doka suka kafa. Sun ce bakin caja ya zama iri ɗaya, Apple da kanta ta koma USB-C a iPhone 15 a 2023. Daga Yunin 2025 kuma duk kamfanin da ke ƙera waya ko shigo da ita Tarayyar Turai dole ya ajiye kayan gyaranta har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin. Mu fa? Kobalt ɗin da ake haɗa batirin da shi mafi yawansa daga Kongo Kinshasa ake haƙo shi, nan nahiyarmu, amma batir na asali ya gagare mu samu.

Roƙona ga hukumominmu a Yawunde shi ne, duk ɗan kasuwan da zai shigo da kwantenar waya ta Duwala a sa shi ya haɗo da batir da gilashi da bakin caji na asali, kuma manyan kamfanonin su riƙa sayar wa ƙananan masu gyara irinmu kai tsaye ba sai mun bi ta hannu uku ba. Jama'a ku ma don Allah a daina cajin waya ƙarƙashin filo ko barinta a rana tana caji.

Yanzu haka da nake rubutun nan akwai bokitin fenti a ƙasan teburina ya kusa cika da kumburarrun batira, na hana yaron shagona zubarwa a bola don yara na tone-tone a wurin kuma ana cinna mata wuta da yamma. Ko kamfanonin su buɗe inda za mu riƙa mayar musu da su, na ɗauki alkawarin ni zan fara kai nawa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku, mai gyaran waya,
daga Garwa, Kamaru.