Jibga labaran wasu a shafinka ba ya jawo sababbin maziyarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata shawara da ta zama ruwan dare tsakanin masu buɗe shafukan intanet. Wai idan kana son jama'a su yi ta tururuwa zuwa shafinka, ka jona shi da magudanar labarai ta RSS, labaran manyan kafofi su riƙa zubowa da kansu dare da rana ko kana barci. A ganina an ɗora wa wannan dabara kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

RSS ta daɗe. Kamfanin Netscape ne ya fara fito da ita a 1999. Wani ɗan fayil ne da shafi ke sabuntawa duk lokacin da ya wallafa sabon abu, ɗauke da kanun labarin, da ranar da ya fita, da 'yan layukan taƙaitawa, da adireshin da zai kai mai karatu ga cikakken labarin. Manhajar da ke wani shafin sai ta riƙa leƙa fayil ɗin lokaci zuwa lokaci, ta kwaso abin da ta tarar ta jera. Duk shafin da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafuka, yana samar da wannan fayil da kansa, kuma jona shi a wani shafin aikin 'yan mintoci ne. To a nan gizo ke saƙa, domin labarin da ya zo maka cikin wannan sauƙi ya je wa dubban shafuka irin naka a daidai lokacin, kalma da kalma.

Ranka ya daɗe, sabon baƙo galibi ta injin bincike yake zuwa. Idan Google ya tarar da rubutu iri ɗaya a wurare barkatai, ba ya jera su duka. Yakan zaɓi guda ya nuna, ya danne sauran, kuma da wuya ƙaramin shafin da ya kwafo ya sha gaban kafar da ta rubuta labarin. Tun a watan Fabrairun 2011 kamfanin ya shigo da gyaran da aka sani da Panda don rage darajar shafuka marasa nauyin abin karantawa, kuma har yau ƙa'idojinsa suna lissafa kwaso rubutun wasu ba tare da ƙara komai ba a cikin nau'o'in maguɗi. Wanda ya cika shafinsa da irin wannan yana iya janyo wa ɗan abin da ya rubuta da hannunsa baƙin jini. Idan kuwa kanun labarai kaɗai ya jera, to kowane kanu ƙofar fita ce: mai karatu ya latsa, ya koma gidan masu labarin, shi ke nan.

Sai batun haƙƙin mallaka, wanda masu ba da shawarar ba su cika tsayawa a kansa ba. Barin magudana a buɗe ba ya nufin an ba kowa izinin sake wallafa abin da ke ciki. Kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AP da AFP sayar da labari ne abincinsu, da kuɗin suke biyan wakilan da ke shiga inda ake harbe-harbe. A 2005 AFP ya maka Google a kotu a Amurka kan amfani da kanun labaransa da hotunansa a Google News, sai a 2007 suka sasanta da yarjejeniyar lasisi. In har Google bai tsira ba, ban ga dalilin da mai ƙaramin shafi zai ɗauka ba a ganin sa ba. Kowace kafa tana da sharuɗɗanta. Wasu sun yarda a ɗauki kanu da mahaɗi, wasu sun hana idan akwai talla a shafin, hotuna kuwa sun fi komai tsauri. Ga kuma wani abin da kai Edita ka fi ni sani: idan kafa ta gano kuskure ta gyara labarinta, kwafin da ke shafin wani yana iya zama da kuskuren, da sunan mutumin da aka ɓata, har illa masha Allahu.

Ban ce dabarar ba ta da amfani ba. Shafin da ya keɓanta ga fanni guda, a ce kiwon lafiya ko aikin gona, zai iya zaɓar 'yan kafofin da ya amince da su, ya tace abin da ya shafi masu karatunsa, ya ajiye a gefe. Hakan na sa wanda ya riga ya san shafin ya riƙa dawowa. Amma aikin yana wurin zaɓen, da kuma sakin layi ɗaya ko biyu da mai shafin zai ƙara daga kansa: me labarin ke nufi, me aka bari a baya, wa abin zai shafa. Wannan ƙarin ne babu shi a ko'ina, shi ne kuma injin bincike zai iya turo mutum dominsa. A kuma kula, magudanu da yawa suna sa shafi nauyin buɗewa, musamman a waya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake manta ɗaya fuskar. Maimakon ka janyo na wasu, ka rubuta naka, ka bar taka magudanar a buɗe, wasu su ɗauki kanunka su turo maka mutane. Lokacin da Google ya rufe Google Reader, manhajarsa ta karanta magudanun RSS, a 2013 da yawa sun ce RSS ta mutu, amma ga Feedly da makamantanta suna aiki, kuma da RSS ɗin ake rarraba shirye-shiryen sauti na fodkas. Wanda ya bi ka ta wannan hanya yana samun duk abin da ka wallafa, babu wani kamfani a tsakani da zai zaɓa masa. Kafofin Kanada sun ga muhimmancin hakan a 2023, lokacin da Meta ya toshe labarai a Facebook da Instagram a ƙasar saboda dokar da ta nemi ya biya masu labarin.

Roƙona shi ne idan jaridarka za ta taɓo wannan batu a shafin fasaha, a nemi masu tallata dabarar su nuna alƙaluman shafukansu: mutum nawa injin bincike ya turo zuwa labaran da aka kwaso, nawa ya turo zuwa waɗanda aka rubuta a gida, kuma wane rukuni ne ya fi daɗewa kafin ya fita.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum