A tanadi ruwa kafin a raba iri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu yi tsokaci kan kuɗin da ake ware wa lambunan haɗin gwiwa a karkara don wadata iyalai da abinci.

Galibi kuɗin yakan ƙare a sayen iri da bikin buɗewa, alhali rashin ruwa ne ke kashe lambu. Lokacin zafi kowace murabba'in mita tana shan kusan lita 5 a rana, wato rabin hekta na buƙatar lita 25,000 kullum. Don haka a gwada ƙarfin rijiya a ƙarshen rani, ba da damina ba, kafin a yanke girman filin. Sannan a ware kuɗin gyaran famfo tun farko, domin kwana kaɗan ba ban ruwa ya isa ya ƙone dashe.

Shinge ma dole ne, akuya ɗaya takan gama da fili cikin dare.

A rubuta yarjejeniyar filin, kada mai shi ya karɓe bayan ƙasa ta yi kyau. Kuma a saki kuɗin da wuri, tunda takin gargajiya sai ya yi wata biyu zuwa uku yana ruɓewa.

Naku,
Wasu malaman gona