Ɗalibai na ajiye kalmar sirri a fili, mu kuma muna ba su maki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana da 'yan'uwana malamai masu koyar da rubuta manhaja, musamman masu duba aikin kammala karatu.

Duk ɗalibin da ya kai babin fayil a yaren rubuta manhaja na C, aikin da aka saba ba shi shi ne manhajar rajista da shiga. Zai buɗe fayil da umarnin fopen, ya jera sunaye da kalmomin sirri layi-layi da fprintf. In mutum ya zo shiga, a karanto layin da fgets, a gwada shi da abin da mutumin ya shigar ta hanyar strcmp. Allo ya rubuta "Barka da zuwa", a tafa masa, a ba shi maki. Ni kam kafin in kalli allon, fayil ɗin nake fara buɗewa da Notepad. Sai ka gan su reras: lambar waya, shekarar haihuwa, sunan ɗan fari. Kowa ya san halin mutanenmu, kalmar da suka sa a nan ita ce ta manhajar bankinsu.

Abin takaicin, an daɗe da gano maganin wannan. Tun a 1979 Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs a Amurka suka bayyana yadda Unix, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ke yi. Ba a rubuta kalmar kanta a fayil, sai a niƙa ta da lissafin da ba ya komawa baya, kamar dai garin da ba ya sake zama gero. In mutum ya dawo, a niƙa abin da ya shigar, a gwada sakamakon biyu. Suka kuma ƙara wasu haruffa na kan-mai-uwa-da-wabi da ake kira gishiri, ta yadda kalma ɗaya za ta iya fitowa ta fuska 4096, don kada mutum biyu masu kalma ɗaya su yi kama a fayil. Duk da haka bai wadatar ba, domin a lokacin kowa na iya karanta /etc/passwd, fayil ɗin da ake ajiye sakamakon niƙan. A Nuwamban 1988 wata muguwar manhaja, wadda ɗan shi Morris ɗin ne ma ya rubuta ta, ta riƙa karanta fayil ɗin tana cankar kalmomi masu sauƙi. Shi ya sa a Linux na yau, mai bin tsarin Unix, sakamakon niƙan yana wani fayil daban, /etc/shadow, inda ba kowa ke da ikon leƙawa ba.

Waccan manhajar ta kuma kutsa ta hanyar gets, wani umarnin C na karɓar rubutu wanda ba ya duba tsawon abin da aka shigar. An cire shi daga ƙa'idar C a 2011, amma har yau ina ganinsa a takardun darasi da ake kwafa ana sayar wa yara. Na ma san ta inda yake shigowa. Shi fgets yana barin alamar sabon layi a ƙarshen kalma, sai strcmp ya ce ba su yi daidai ba. Yaro ya rasa dalili, abokinsa ya ce, "Kai, sa gets kawai." Ya sa, ta yi aiki, ba mai tambaya. Haka ma mai buɗe fayil da "w" (rubuta sabo) maimakon "a" (ƙara a kan na da): mutum ɗaya na yin rajista, duk na gabansa sun goge.

Kada a ce ai yara ne. Kamfanin RockYou ya yi asarar kalmomin sirri kusan miliyan 32 a 2009, duk a fili suke. Facebook ma ya amsa a 2019 cewa ya ajiye na ɗaruruwan miliyoyin mutane haka nan.

Roƙona ga malamai: ranar kare aiki, a ce wa ɗalibi ya buɗe fayil ɗin a gaban kowa. In ana iya karanta kalmar sirri, ya koma ya gyara da hanyoyin niƙa kalmar sirri irin su bcrypt ko Argon2, kyauta suke. A tambaye shi wa da wa ke da izinin karanta fayil ɗin, sannan a shigar da suna mai haruffa 500 a ga abin da manhajar za ta yi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya