Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Ahmad Aliyu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Ni ɗan manomin albasa ne daga ƙasar Wurno. A fadamar Rima na tashi, da ruwan madatsar Goronyo muke noman rani. Ina jin labarin kamfanonin waje da bankunan raya ƙasa da ke son haɗa hannu da jihohinmu a harkar noma, tun daga gona har kasuwa. Ina yi musu lale marhabin. Roƙona ɗaya ne: kafin a sa hannu a kowace takarda, a tambaye su a wane gari za a adana amfanin, a wane gari za a sarrafa shi.

Albasarmu lokaci guda take fitowa, da zafin Maris da Afrilu. Kasuwar albasa ta Ramin Kura da ke Sakkwato ta cika ta batse, kuɗin buhu ya faɗi warwas. Mai riba shi ne wanda ya iya riƙe ta har bayan damina, mu kuwa rudu kawai muke da shi, ma'ajiyar gargajiya ta kara da ciyawa. Na sha tsayawa bayan Baba yana buɗe rudu idan ruwa ya sauka, yana tsamo ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya, ruwansu na bin yatsunsa. Ba ya cewa komai sai "Allah Ya mayar da alheri." Da aka rufe iyakar Nijar a 2023, motocin da ke bi ta Illela zuwa Ƙonni har Gana suka tsaya cik, albasa kuma ba ta jira.

Mun taɓa ganin irin wannan cinikin. Fatar jar akuyar Sakkwato ayari ke ƙetare Sahara da ita a zamanin kakanni, Turawa suka saye ta a hannun 'yan arewacin Afirka suka laƙaba mata suna fatar Maroko. Ko sunan ba mu tsira da shi ba. Har yau fatar tana bi ta majemun Kano zuwa Italiya da Sifaniya, ta zama takalmin da mai kiwon akuyar ba zai iya taya shi ba.

Wata shekara wani kamfani ya ba mu iri da taki bashi, da alkawarin zai saye duk abin da muka noma. Da aka cire albasa sai wakilinsa ya ce ta yi ƙanana, ya zaɓi manya ya tafi, bashin ya zauna a wuyanmu. Takardar da Baba ya dangwala wa yatsa da Turanci take.

Don haka, Ranka ya daɗe, duk baƙon da ke son albasa da tafarnuwarmu, ya gina ma'ajiya mai shan iska kusa da gonaki, ya kafa injin busarwa da niƙawa a nan, yaranmu da suka karanta noma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su yi aikin. A rubuta yarjejeniya da Hausa, har da ajami, a yanke farashi da girman da ake so tun kafin dashe, manoma na zaune a wurin. Tun 2021 aka buɗe kasuwar bai ɗaya ta Afirka, garin albasa a leda kuwa zai kai Abijan bai ruɓe ba.

Idan baƙin sun iso, a taimaka a kawo su Ramin Kura da sassafe a watan Afrilu, su ga buhunan da idonsu kafin a zauna zancen kuɗi.

Wassalam,
Ɗan manomin albasa, daga Wurno