Wasiƙa Zuwa Ga Auta Kan Ƙwallo Da Maganar Rage Shekaru

Daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da baffanka da iyalinsa baki ɗaya. Mu nan duk lafiya lau muke. An gama yankan gero, dawa ta kusa isa girbi, riɗin da muka shuka a gonar bakin hanya kuwa ya fi na bara kyau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka da yayyenka suna gaishe ka.

Saƙon da ka aiko ta bakin yayanka ya iso gare ni. Ya ce wani mutum da ke zuwa kallon atisayenku a Kano ya yaba da wasanka, har ya yi maka alkawarin shigar da kai gwajin 'yan ƙasa da shekara 17, daga nan kuma ya nema maka ƙungiya a Turai, bisa sharaɗin a yi maka sabuwar takardar haihuwa da za ta mai da kai ɗan shekara 16 maimakon 19 ɗin da kake da su, ni kuma in je kotu in yi rantsuwa a kan haka, sannan mu haɗa masa kuɗin fasfo da na biza. Na zaɓi in ba ka amsa a rubuce domin ka samu abin da za ka sake karantawa ranar da zuciyarka ta yi sanyi. Amsata ita ce ba zan yi wannan rantsuwa ba, kuma ban yarda wani ya yi ta a madadina ba. Amma ka wuce shekarun da za a ce maka bari a yi shiru, don haka zan faɗa maka dalilaina.

Ka san gidan da ka fito. Kakanka ma'auni ne a kasuwar hatsi har tsufa ya zaunar da shi, kuma abin da aka san shi da shi a duk kasuwannin da ya ci shi ne tiyar da yake saye da ita ita ce wadda yake sayarwa da ita. Bai tara dukiya ba, amma mata daga ƙauyuka masu nisa sukan aiko yara da hatsi ba tare da sun biyo su ba, domin sun san ba za a rage musu ko ƙwaya ba. Mahaifiyarka ita ce uwar adashin unguwarmu tun kafin a haife ka, kuma ka gani da idonka akwai daren da muka kwana da tuwo babu miya mai kyau alhali kuɗin mutane na cikin akwatinta. Ni kuma na yi aikin koyarwa a firamare har na yi ritaya, da hannuna na rubuta sunanka da ranar haihuwarka a rajistar aji ɗaya. Iyaye sun sha zuwa mini da roƙon in gyara wa 'ya'yansu shekaru ko maki, wasu da kwandon ƙwan zabi a hannu, na sallame su da haƙuri. Da wane ido zan dube su idan suka ji na ɗaga Alƙur'ani a gaban alƙali a kan abin da duk garin nan ya san ƙarya ne, tun da da yawansu sun ci naman sunanka? Shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ka kuma tuna hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban ga bambanci tsakanin wannan da saurayin da ya shiga cikin yara da takardar ƙarya ba.

Za ka ce kowa yana yi, kuma babu wanda aka cuta. Akwai wanda aka cuta, sai dai ba ka san sunansa ba. Wani yaro ne a Haɗeja ko Gumel ko Ɗambatta wanda shekarunsa 16 na gaskiya, wanda zai zo gwaji ya tarar da kai da ƙashinka da ya riga ya yi ƙwari, ka ture shi da kafaɗa ɗaya, a ce bai iya ba, ya koma gida ya jingine takalmi. Gurbin da za ka shiga nasa ne.

Ko da mun ajiye maganar halal da haram, lissafin mutumin nan bai fita ba, kuma ina so ka duba shi da kyau. Nijeriya ta sha kunya a kan wannan al'amari tun kafin a yi tunanin haihuwarka, domin a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar nan daga gasanninta na matasa har shekara biyu, saboda an samu ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da waɗanda aka taɓa bayarwa a kansu a baya. Tun daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a nan Nijeriya a 2009, wadda filin wasa na Sani Abacha da ke Kano yana cikin filayen da suka karɓi baƙuncinta, ake amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa. Ƙashin wurin yana da wata gaɓa da ba ta gama haɗewa sai girman mutum ya kusa tsayawa, kuma wanda aka ga tasa ta haɗe gaba ɗaya cire shi ake yi, komai kyan takardar da ya zo da ita. Samari da yawa an kore su daga sansani ta wannan hanya, sun dawo gida da sunan maƙaryata. Ga kuma lambarka ta NIN da takardar jarrabawarka ta NECO, duk suna ɗauke da shekarunka na gaskiya. Ƙarya ɗaya sai ta nemi a yi mata wasu guda uku kafin ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar Turai. Dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan wasu dalilai da babu wanda ya shafe ka a cikinsu. Ahmed Musa da kake liƙa hotonsa a ɗaki, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin a ba shi damar buga mata wasa. Kai yanzu da shekarunka 19 babu dokar da ta tare maka hanya. Mutumin da ya ce zai mai da kai 16 kuma ya kai ka Turai, ko dai bai san aikin da yake iƙirari ba, ko kuwa kuɗin fasfon ne kawai a gabansa. Ku kuna kiransa wakili, ni dillali nake ganinsa, kuma dillali yakan tafi da la'adarsa ko kaya sun yi albarka ko ba su yi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato wanda za ka ba kunnenka yanzu da ba ka gabanmu. Iyaye suna yin nasu a gida, amma daga ranar da yaro ya fita, rabin halinsa yana hannun manyan da ya zaɓa ya bi. Ka tuna malaminku na wasanni a firamare, wanda yake sayen ƙwallo daga albashinsa, yake ɗinke ta da kansa idan ta fashe. Ranar wasan ƙarshe na gasar makarantun gundumarmu ya ajiye ka a waje saboda ka zagi mai tsaron gidanku a gaban jama'a, alhali ya san kai ne mai ci musu ƙwallo, kuma aka cinye ku. Ka zo gida kana kuka kana so in je in yi masa magana. Na je, amma godiya na yi masa. Mutumin da ya yarda ya rasa kofi domin kada ka tashi da ɗanyen baki, ya fi son ka a kan kofin. Da wannan ma'auni nake so ka auna duk wanda ya matso kusa da kai da sunan taimako: me yake iya rasawa saboda kai, kuma ya taɓa faɗa maka abin da ba ka son ji? Mai yabonka kullum, wanda bai taɓa tambayar ko ka yi salla ko ka ci abinci ba, wanda kuma yake cewa kada ka gaya wa kocinka maganar da kuke yi, ba ubangida ba ne.

Baffanka ya shaida mini cewa kocinku na yanzu ya ce ka ƙara haƙuri shekara ɗaya a ƙaramar gasa, ka gyara ƙafarka ta hagu da komawa baya idan an ƙwace ƙwallo, kuma wannan ne ya sa kake jin haushinsa. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma maganarsa ta yi kama da ta mai gaskiya. Koci na kirki yana ganin abin da ke cikin yaro ko da duniya ba ta gani ba. Marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin nahiyar Afirka yana kyaftin a 1994, da ya zama koci ya tafi gasar 2013 a Afirka ta Kudu da wasu 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida, mutane suna ta suka. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. Bai je wurin da takardar Turai ba, aikinsa ne da idon malaminsa suka kai shi.

An kuma gaya mini an ba ka jan kati a wasanku na baya saboda ka yi wa alƙalin wasa tsawa, kuma koci ya zaunar da kai a benci wasa biyu bayan hukuncin ya ƙare. Ya yi daidai. Zafin zuciyar nan tun kana ƙarami nake ganinsa, kuma a fili abokan hamayya suna gane mai irinsa da wuri, su yi ta tsokanarsa har ya kori kansa. Kana ƙarami lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, amma mu da muka taru a gidan kallo ba za mu manta wasan Nijeriya da Girka ba. Muna gaba da ci ɗaya, sai Sani Kaita, ɗan Kano kuma tsohon ɗan wasan Pillars, ya kai wa wani ɗan Girka ƙafa a bakin layi bayan ƙwallo ta riga ta fita. Aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, aka cinye mu biyu da ɗaya. Ɗan wasa ne mai ƙwazo da ya yi wa ƙasa hidima, har da lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008, kuma ya nemi gafara, amma har yau idan aka ambaci sunansa wannan daƙiƙar ce take fara zuwa bakin mutane. Ban kawo shi don in aibata shi ba. Hadisi ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Mu da muka tashi muna kallon dambe a dandali da kaka mun ga haka: ɗan damben da ya fusata shi ake fara kashewa, domin yakan saki garkuwarsa ya shigo da ka.

Maganar ƙwaya da caca ba zan tsawaita ta ba, don ina kyautata maka zato. Na san akwai masu haɗiyar tiramadol kafin wasa wai don kada su ji gajiya, akwai kuma masu zuba ɗan abin da suka samu a cacar ƙwallo ta waya. Ɗan wasan da ya fara caca a kan ƙwallo, wata rana za a zo a saye shi ya sayar da wasa. Duk ɗakin da ka ga ana waɗannan abubuwa, ka tashi ka bar shi, ko da a can ne abokanka suke.

Kada ka ɗauka ina so ka bar ƙwallo. Da ina so, da ban sayar da tunkiya na saya maka takalmi ba, duk da surutun da dattawan masallacinmu suka yi mini. Ina so ne ka yi ta da sunanka da shekarunka. Kuma ba sai an ƙetare teku ake samun daraja a cikinta ba. Kano Pillars ta ci gasar Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma Rabi'u Ali da ake kira Pele ya yi mafi yawan rayuwarsa ta ƙwallo a wannan ƙungiya, yana taka leda har ya manyanta, ga shi ana girmama shi a ko'ina cikin Kano. Idan Allah ya rubuta maka Turai za ka je ta ƙofar gaba. Sai dai ka sani sana'ar nan gajera ce, gwiwa ɗaya idan ta goce a fili mai tsakuwa an gama, shi ya sa ban janye maganata ta neman gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko wata makaranta a can Kano ba. Ka cike takardun bana, kada ka ce sai baɗi.

Ga abin da nake so ka yi. Ka gaya wa kocinka duk yadda kuka yi da mutumin nan, ba tare da ka ɓoye komai ba. Idan mutumin ya sake zuwa, ka ce masa maganarka tana hannun baffanka, ya je gida ya same shi da takardun da ke nuna hukuma ta san da aikinsa, da sunan ƙungiyar da yake magana a kanta. Kada ka ba shi ko kwabo, kada kuma ka sa hannu a wata takarda. Takardar haihuwarka ta asali, wadda Hukumar Ƙidaya ta bayar, zan aiko da ita ta hannun yayanka ranar Juma'a, kuma za ta zauna a wurin baffanka ne, ba a jakarka ba. Zai zo da zabi biyu da ɗan riɗi, ka kai wa kocinka da kanka ka ce ina gaishe shi.

Malaminku na wasanni yana fama da ciwon ƙafa, ba ya iya fita sosai yanzu, kuma ya tambaye ka har sau biyu. Idan kun samu hutu lokacin girbin dawa ka zo gida, ka fara da gidansa kafin ka shiga majalisar abokanka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka.