Wasiƙa zuwa ga Abba a Fatakwal

Assalamu alaikum. Abba, ya aiki, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwararta.

Ƙanwarka ta nuna mini hotunan da ka turo ta WhatsApp. Na ga tumatirin bayan gidanka, ganye ya yi baƙi-baƙi daga ƙasa, wasu sun langaɓe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Sai na ce ta ƙaro mini girman hoton in ga ƙasar. Ashe fangali ka ja, irin namu na fadama, baki a ɗage, ciki a zurfafe. Na yi dariya har innarka ta leƙo daga madafi. Laifina ne, ni na koya maka. Amma fangali dabarar mai noman rani ce, wanda ya sayi mai ya zuba wa inji, ba ya son ko ɗigo ya tsere masa. Mu nan ƙasar Haɗeja damina wata huɗu ce in ta yi kirki, Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara ba ya kai milimita 1,000. Inda kake yana haura 2,000, ya faro tun Maris, ba zai ɗauke ba sai wajen Nuwamba. Ka haƙa wa tumatir kududdufi, kana mamakin ya mutu.

Ka tuna ambaliyar 2022, da ruwa ya shanye gonaki tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa. Barkonon bayan gidanmu kwana uku kacal ya yi a cikin ruwa. Da ruwan ya janye, ganye kore shar, har na ce wa innarka ya tsira. Ba a yi mako ba ya kwanta. Na tumɓuke ɗaya, saiwar ta ruɓe, tana saɓulewa a hannu, ga wari. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. Abin da ya same mu a shekara guda, kai duk damina kana tare da shi.

Saboda haka ka rushe fangalin nan. Ka ta da kunya mai tudu, ta kusa kai maka gwiwa, ka bar kwata a tsakani. Kafin ka ɗauki fartanya, ka jira ranar da ake tsuga ruwa, ka fita da lema ka tsaya ka ga ta inda yake bi da inda yake kwanciya, sannan ka buɗe masa hanya. In maigidan haya bai yarda a tona masa fili ba, buhu ya ishe ka: ka cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka huhhuda gindinsa, ka ɗora a kan bulo.

Tumatir kuwa ka haƙura da shi sai ruwa ya ɗauke. Ba banza ba ake lodin kwanduna daga Kadawa da Kwanar Gafan ana kai muku kudu. Shi da albasa busasshiyar iska suke so da sanyin hunturu. In ganyensa ya wuni a jiƙe, ya kwana a jiƙe, cuta ce kawai za ta bi shi. Wanda ya langaɓe ka cire shi da saiwarsa ka ƙona, kuma kada ka mai da barkono ko gauta a gurbin, dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya.

Ka shuka abin da ke murna da ruwa. Kuɓewa, alayyafo, lalo, rama, dankalin Hausa. Gwaza ma ka ba shi wuri mafi laima, ba zai yi ƙorafi ba. Kada ka raina ugu da shuwakar da maƙwabtanka ke shukawa, ka sa maiɗakinka ta roƙi iri wajen matansu, ta tambaye su a wane wata suke shuka me. Sun fi ni sanin ƙasarsu. Abu ɗaya dai, kada ka cusa shuka kamar yadda muke yi wa alayyafo a nan, ka ba su tazara iska ta riƙa ratsawa.

Sai batun hadari. Na farkon damina ya fi iska, kuma ƙasar da ta jiƙe ba ta riƙe saiwa. Duk abin da ya wuce gwiwa ka kafa masa sanda tun yana ƙarami, gora ba ta wahalar samu a can. Ka ɗaure da tsumma, sako-sako, waya tana yanke kara. Zogale in ya kai ƙirjinka ka sare kansa, ya yi rassa a ƙasa, in ba haka ba zai zabga tsawo iska ta karya shi. Gwanda da ayaba kada su kusanci wayar wuta ko rufin maƙwabci, ba na son in ji ana shari'a da kai a garin mutane. Ayaba in ta yi nono, ka tokare ta da gwafa.

Taki kaɗan-kaɗan, a kai a kai. In ka zuba da yawa lokaci guda, ruwan dare ɗaya zai kwashe kuɗinka ya kai kwata. Kashin kaji sai ya ruɓe, ɗanye ƙona shuka yake. Ka riƙa barbaɗa 'yar toka, ƙasar da ruwa ya yawaita wankewa tana yin tsami. Dodon koɗi kuma da dare yake ɓarna, ka fita da tocila bayan isha'i ka tsince su.

Innarka ta ƙulla maka irin kuɓewa da na rama, da kuka da daddawa, za mu ba direban motar albasa mai tashi ranar Lahadi. Irin kada ka bar shi a takarda, laimar ɗakinku za ta kashe shi. Ka juye a kwalba, ka zuba busasshiyar toka, ka toshe bakin da kyau. In ka gama ta da kunyar ka turo hoto in gani. Ta ce kuma in tambaye ka, da Babbar Sallah za ku zo, ko sai ta sake yin fushi?

Naka,
Mahaifinka